Turereniyar Mutum Takwas: Gwanintar da Ke Ɗauke da Kakar Zari-Ruga

Ranar 28 ga Yuni, 2024, a filin wasa na Vélodrome da ke birnin Marseille, ƙungiyar Toulouse ta lallasa Bordeaux-Bègles da maki 59 da 3, ta ɗauki garkuwar Brennus, wato kambun Top 14, babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar Faransa. Tun 1892 da aka fara buga wasan ƙarshe na wannan gasa, ba a taɓa ganin rata mai faɗin wannan ba. Wata guda kafin nan, Toulouse ɗin ta doke Leinster ta ƙasar Ireland da 31 da 22 a Landan, ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na shida. Sunan da ya cika bakin jama'a a lokacin shi ne Antoine Dupont, mai lamba tara, kuma ya cancanci duk yabon da aka yi masa. Sai dai Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A gaban Dupont akwai ƙarti takwas waɗanda suka yi wata goma suna dafa masa abin da yake rabawa, kuma gwanintarsu ce nake so mai karatu ya gani da idon basira.

A gidajen kallon ƙwallo na Potiskum, Firimiyar Ingila da Laligar Sifaniya ne ke da kasuwa. In aka yi katari mai gidan kallo yana sauya tasha ya faɗa kan zari-ruga, aka ga mutum goma sha shida sun sunkuya sun haɗa kai suna nishi, abin da aka fi ji daga benci shi ne, “Kai malam, wuce, wannan ai faɗa ne.” Ba faɗa ba ne. Wannan turereniya tana cikin ayyukan motsa jiki mafi tsari da ɗan Adam ya ƙirƙira, kuma wanda ya san abin da ke gudana a cikinta ba zai yarda a sauya masa tasha ba.

Wasan kansa a taƙaice: kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80, kuma ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2 ne, bugun laifi kuwa maki 3. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan wasa ta yi gaba, ko aka jefa ta gaba, alƙali yakan tsayar da wasa ya ce a yi turereniya. Mutum takwas daga kowane ɓangare su sarƙe jikinsu, su haɗu da takwas na ɗaya ɓangaren, mai lamba tara ya jefa ƙwallo cikin ramin da ke tsakanin ƙafafunsu, sauran 'yan wasa su ja baya mita biyar su jira.

Yadda ake gina ta

Ba a tsayuwar ganin dama a turereniya, kowa da gurbinsa. A sahun gaba mutum uku ne. Na tsakiya, mai lamba 2, shi ne mai ƙugiya: yakan rataya hannuwansa biyu a kafaɗun abokansa na dama da hagu, saboda haka ba shi da hannun kare kansa, kuma shi ne zai ɗaga ƙafa ɗaya ya janyo ƙwallo baya a daidai lokacin da nauyin mutum goma sha biyar ke matse shi. Waɗanda ke riƙe da shi su ne ginshiƙai biyu, mai lamba 1 a hagu, mai lamba 3 a dama.

Bayansu akwai dogaye biyu, lamba 4 da 5. Kowannensu yakan cusa kansa tsakanin ƙugun ginshiƙi da na mai ƙugiya, ya ɗora kafaɗa a ƙarƙashin mazaunin na gabansa, ya zura hannu tsakanin cinyoyin ginshiƙin ya damƙi bakin wandonsa. Su ne injin. A gefe da gefe kuma akwai lamba 6 da 7, waɗanda ke tokare ginshiƙai daga waje don kada ƙugunsu ya fanɗare. Na ƙarshe shi ne lamba 8, wanda ke cusa kai tsakanin dogayen biyu, yana turi yana kuma riƙe ƙwallo da ƙafa in ta iso wajensa, har sai ya ga lokacin sakinta ya yi.

A manyan gasa, nauyin waɗannan mutum takwas yakan kai kilo 900 ko kusa da haka. Masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun auna ƙarfin da ƙwararru ke bugun na'urar atisaye da shi a tsohon salon haɗuwa, suka samu ya haura nauyin tan ɗaya da rabi. Duk wannan ta kafaɗu da wuyan mutum uku yake ratsawa. Binciken nan ne ya sa a 2013 hukumar zari-ruga ta duniya ta sauya yadda ake haɗuwa. Yanzu alƙali umarni uku yake bayarwa: ku sunkuya, ku kama, ku haɗe. A umarni na biyu kowane ginshiƙi zai miƙa hannu ya riƙe rigar abokin karawarsa, har kunnuwa su kusa gogar juna, ta yadda babu sauran filin da za a taho a guje a yi karo. Wannan gyara ya rage ƙarfin haɗuwar farko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma ƙara wa gwaninta daraja, domin da can wanda ya riga bugu yakan yi nasara, yanzu kuwa sai wanda ya iya zama a cikin matsi ya yi aiki.

Karon da kyamara ba ta gani

Zuciyar turereniya ita ce karawar mai lamba 1 na wannan ɓangare da mai lamba 3 na wancan. Saboda yadda kawuna ke sarƙewa, kan mai lamba 1 a waje yake, kafaɗarsa ta dama ce kawai ke ɗaukar nauyi sosai. Mai lamba 3 kuwa kansa na tsakanin mutum biyu, mai ƙugiya da ginshiƙin hagu na abokan hamayya, saboda haka ta kafaɗu biyu ake danne shi. Burin mai lamba 1 shi ne ya shiga ƙarƙashin ƙirjin abokin karawarsa, ya sa ƙeyarsa a daidai ƙashin ƙirji, ya miƙar da shi har bayansa ya lanƙwashe, ƙarfin da ke zuwa daga bayansa ya watse. Burin mai lamba 3 shi ne ya hana wannan shiga: ya sauke ƙirji, ya danne da kafaɗar dama, ya tsaya cak, sannan ya nemi tsagar da ke tsakanin mai ƙugiya da ginshiƙi ya raba su. In ya raba su, sahun gaba ya tashi daga mutum uku masu jiki ɗaya ya koma mutum uku kowa ta kansa, kuma shi ke nan an gama da su.

Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa bayan girbi zai gane wannan nan take. Ɗan kokawar kirki ba ya jiran kaye kafin ya san ya yi nasara. Tun daga kamu, daga inda ya dasa ƙafa da yadda ya ji nauyin abokinsa ya karkata, ya riga ya karanta shi. Haka ginshiƙi yake karanta abokin karawarsa da wuya da kafaɗa. Bambancin shi ne an ɗaure masa hannu da dokoki. Ba ya taɗiya, ba ya ja baya da gangan, ba ya jan abokinsa ƙasa, ba ya turi a karkace. Kansa da kafaɗunsa kada su yi ƙasa da ƙugunsa. Riƙonsa a baya ko a gefen riga zai kasance, ba a hannu ko a wuyan riga ba. A cikin wannan ɗan ƙunci ne zai nemo fifikon da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kuma yatsu biyun nan su ke raba mai ci gaba da mai ja da baya.

Tsayuwar jiki ita ce jari. Baya a miƙe sumul, a layi ɗaya da ƙasa, don ƙarfin da dogaye ke turowa ya ratsa kashin baya ya fita ta kafaɗa ba tare da ya zube a hanya ba. Ƙirji a buɗe, haɓa a ɗage kaɗan, gwiwa a lanƙwashe dab da ciyawa, ƙusoshin takalmi a nutse. Ba a dogon taku, domin duk sa'ad da ƙafa ta bar ƙasa an yi rance da nauyin abokai bakwai. Taku gajere ne, da sauri, kuma a tare. Ga numfashi: mutum yana cike cikinsa da iska ya ɗaure, ya riƙe daƙiƙa goma ko fiye cikin matsin da ke sa ido ganin taurari, sannan ya miƙe ya ruga ya ci gaba da wasa.

Takwas su zama ɗaya

Duk ƙwarewar ginshiƙi, in na bayansa ba su tura a lokaci ɗaya ba, aikin banza ne. A nan ne Ajantina ta koya wa duniya darasi. Wani koci mai suna Francisco Ocampo ya ɓullo da salon da ƙungiyar San Isidro ta kusa da birnin Buenos Aires ta shahara da shi a shekarun 1970. A salonsa, mutum takwas ɗin sukan matse jikinsu wuri guda, su sauke ƙugu tare, su saki numfashi tare bisa kira ɗaya, su tattara dukkan ƙarfinsu ta kan mai ƙugiya. Da wannan ne 'yan Ajantina suka riƙa tura waɗanda suka fi su nauyi baya. Har gobe kowace ƙungiyar ƙwararru tana da kiran sirrinta, kalma ɗaya ko matsa hannu, wanda ke gaya wa kowa cewa yanzu ne. Sau da yawa ba a turawa lokacin da ƙwallo ta shigo. Akan jira sai mai ƙugiyar abokan hamayya ya ɗaga ƙafa don janyo ta, lokacin da ƙafafu goma sha biyar ne kawai ke ƙasa a wancan ɓangare, sai a afka.

Ladan wannan wahala ba ƙarami ba ne. Turereniyar da ke ci gaba tana miƙa wa mai lamba tara ƙwallo mai tsabta, alhali masu tsaron wancan ɓangare suna ja da baya. In abokan hamayya suka rushe ko suka miƙe don gudun matsi, alƙali ya ba da bugun laifi: ko a ci maki 3, ko a buga ƙwallo waje can kusa da layinsu a samu mita 40 a ɓagas. In suka yi ta maimaita laifin, a ba ginshiƙinsu katin gargaɗi ya fita na minti 10. In kuwa laifin ne ya hana a kai ƙwallo bayan layi, alƙali ya ba da maki 7 kai tsaye. Duniya ta ga haka a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a Paris a 2023: Ingila na gaba, Afirka ta Kudu ta shigo da ginshiƙanta Ox Nché da Vincent Koch daga benci, suka riƙa matso laifi daga turereniya, har Handré Pollard ya buga na ƙarshe aka tashi 16 da 15.

Abin da kaka guda ke nema

Wasa ɗaya kowa na iya dacewa. Kaka guda kuwa ba ta san dace ba. Tun da aka halatta biyan albashi a zari-ruga a watan Agusta 1995, gasar Faransa ta zama mafi tsawo da cin jiki. Ƙungiyoyi 14 ne, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 26 ke nan. Shida na sama su shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, ta ƙarshe ta faɗa ƙaramar gasa, ta goma sha uku kuma ta yi wasan neman tsira. Babu mai kujerar gado: Montpellier da ta ɗauki garkuwa a 2022, a 2024 ta goma sha uku ta ƙare, sai da ta doke Grenoble da ƙyar kafin ta tsira.

Kakar 2023 zuwa 2024 ta fara a watan Agusta, aka dakata saboda kofin duniya da Faransa ta karɓi baƙuncinsa, aka dawo a ƙarshen Oktoba, ba a kammala ba sai ƙarshen Yuni. Toulouse ta buga wasa 36 in aka haɗa da 8 na Turai. A tsakiyar wannan doguwar tafiya akwai hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ke jiƙa fili, ƙwallo ta yi santsi, kuskuren hannu ya yawaita, turereniya ta ƙaru. A irin wannan rana masu gudu, waɗanda ba sa shiga turereniya, sukan yini suna rawar sanyi a gefe, makin da za a ci daga wuyan ginshiƙai zai fito. Sannan a Fabrairu da Maris ana buga gasar Ƙasashe Shida, kuma Top 14 ba ta tsayawa gaba ɗaya dominta, sai babbar ƙungiya ta wayi gari an kwashe mata zaratanta zuwa tawagar ƙasa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ƙungiyar da za ta kai Yuni da ƙarfinta tana buƙatar mutum uku ko huɗu a kowane gurbi na sahun gaba, waɗanda suka sha atisaye tare har kowa ya san kafaɗar kowa.

Makon ƙarshe na waccan kaka ya nuna haka ƙarara. A wasan kusa da na ƙarshe a Bordeaux, Toulouse ta haɗu da La Rochelle, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Turai a 2022 da 2023 bisa ƙarfin ƙarti irin su Uini Atonio da Will Skelton. A ranar, ginshiƙan La Rochelle biyu, Atonio da Reda Wardi, duk sun sami jan kati, aka tashi 39 da 23. Ita ma Toulouse ba ta fita lafiya ba, domin babban ginshiƙinta na hagu, Cyril Baille, ya ji mummunan rauni a idon sawu. Bayan mako guda Rodrigue Neti ya ɗauki gurbinsa a wasan ƙarshe, kuma ba a ga giɓi ba. Cikin sau tara da Toulouse ta kai ƙwallo bayan layi a daren, har masu ƙugiyarta biyu, Peato Mauvaka da wanda ya canje shi, Julien Marchand, kowa ya ci nasa. Wannan shi ne amfanin wata goma na horon da ba a nunawa a talabijin.

Shi ya sa ƙwararren mai lamba 3 yake cikin 'yan wasa mafi tsada a kasuwa, kuma shi ya sa ake haƙuri da shi. Mai gudu yakan yi tashe tun yana ɗan shekara ashirin. Ginshiƙi sai ya sha kaye a hannun tsofaffin hannu shekara da shekaru, yakan nuna ne wajen shekara talatin. Ilminsa ba a littafi yake ba, a jiki ake tara shi, karo bayan karo.

Ina namu ƙartin?

Abin lura shi ne inda Faransa ke samo waɗannan mutane. Jojiya ƙaramar ƙasa ce da ba ta kai mutum miliyan huɗu ba, amma ƙasar kokawa ce, kuma shekara da shekaru ginshiƙanta sun cika ƙungiyoyin Faransa. Davit Zirakashvili ya yi wa Clermont wasa fiye da shekara goma sha biyar, ya ɗauki garkuwa da ita a 2010 da 2017. A Ingila kuma jinin Najeriya ya riga ya nuna kansa. Maro Itoje na Saracens, dogon da ke turi a sahu na biyu, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a 2025 ya zama kyaftin ɗin Ingila. Ɗan'uwansa Beno Obano ginshiƙin hagu ne a Bath, ƙungiyar da ta ɗauki gasar Ingila a 2025, karo na farko tun 1996. A nan gida ma wasan ba baƙo ba ne ƙwarai: Kano na da ƙungiyar Barewa, Najeriya kuma na da tawagar ƙasa da ake kira Black Stallions.

Potiskum gari ne na ƙarfafa. Kasuwar shanu, kasuwar hatsi da tashoshin manyan motoci sun tara matasa masu faɗin ƙirji da kaurin wuya. A makarantunmu kuwa yaro mai jiki, gajere kakkaura, shi ne wanda ake bari a gefen fili ranar ƙwallon ƙafa, ko a tura shi raga don babu inda za a sa shi. Zari-ruga wasa ne da ya tanadar wa wannan yaro riga mai lamba, ya kuma ce in babu shi ba a wasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa malaman motsa jiki na sakandare da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin su waiwayi wasan.

Amma a bi shi da tsari, domin turereniya wuya take taɓawa, kuma wuya ba abin gwaji ba ne. Dokar wasan kanta ta hana wanda ba a horar ba shiga sahun gaba. In ƙwararru suka ƙare a benci, alƙali yakan hana turi gaba ɗaya. Saboda haka kada wasu samari su ga hoto a waya su je fili su haɗa kai. A fara da nau'in da ba a kayarwa, wanda taɓa mutum kawai ake yi, don yara su saba da jefa ƙwallo baya da gudu a sahu. A tura malami ɗaya ko biyu su koyo horarwa wajen waɗanda suka riga mu a Kano, tunda titin Kano zuwa Maiduguri ta ƙofarmu ya bi. Sai a koya wa yara tsayuwar jiki ɗaya bayan ɗaya, sannan mutum da mutum, sannan uku da uku ba tare da turi ba, a fili mai laushi, kafin a kai ga takwas. Wanda ya bi wannan tsani a hankali, cikin 'yan shekaru zai ga yaran da a da ba su da gurbi a fili sun zama su ne ake gina ƙungiya a kansu.